Gyaran Salima

Unguwar Zariya, Maraɗi, 3 ga Nuwamba

Yaya Filibus,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni Bo'az, ƙaninka, mai lisans, wato digirin farko, a fannin tattalin arziki, na rubuto ne don in ƙalubalanci ƙudurinka na ɗauke Inna Tamara daga Tsibiri zuwa Abijan bisa hujjar wai rayuwa ta fi sauƙi a can. Na gudanar da nazarin kwatanci a kan albasa, gero da ƙuliƙuli. A dukkansu Maraɗi ce ke da rinjaye, ba tare da jayayya ba.

Naka cikin ladabi,
Bo'az

Abijan, 12 ga Nuwamba

Malam mai lisans,

Muna lafiya, ina gaida gida. Inna ba da albasa kaɗai take rayuwa ba. Ka zaɓi abin da kuke nomawa ka bar shinkafa, mai da kifi, waɗanda kilonsu ya fi araha a nan. Ka sake nazari. Tikitinta na Disamba ne.

Filibus

Zariya, 20 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na amince a takarda ka fi ni hujja, abin ya kuma hana ni sukuni. Saboda haka na ari sikeli na bi Inna kasuwar Tsibiri, mata suna ta yi mini dariya.

Salima mai awo ta cika tiyar shinkafa har ta yi tozo, sannan ta ƙara hannu biyu gyara. Na auna: ƙarin ya kusa rabin kilo. Na koma ni kaɗai, ta ba ni hannu ɗaya, shi ma a tsuke. Da na nemi bayani, sai ta ce: “Kai yau na san ka. Uwarka shekara talatin muna tare.”

Sakamakon bincikena ke nan: farashin Inna daban yake da na kowa, kuma ba ya shiga jirgi. Ita ba za ta musa maka ba, amma tun ranar da ka kira ta kan maganar tafiyar, ta rage cin abinci.

Ina buƙatar amsa a rubuce kafin 30 ga wata.

Bo'az

Abijan, 27 ga Nuwamba

Bo'az,

Shekara tara ina saye wurin mace guda a nan, ko ƙwaya ba ta taɓa ƙara mini ba. A bar Inna ta zauna. Kuɗin tikitin nata, ni zan zo gida da su a Disamba. Ka gaishe ta.

Yayanka,
Filibus