Itacen Maroko da Na Sara

Baban Amira,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba, amma tunda na fita takaba babu wanda nake iya faɗa wa maganar nan sai kai.

Gida lafiya. Amira ta koma aikinta a Charlotte, tana kira ranar Lahadi, ina Hausa tana Turanci kamar yadda ka sani. Ɗaliban da ke haya a maƙwabta sun tashi, wasu sun shigo, ko gaisuwa ba su iya ba. Ni kaɗai nake cin abinci, har yanzu kuma shinkafar mutum biyu nake aunawa.

Garejinka yana nan yadda ka bar shi. Sandunan buga wasan sunuka guda tara da kake ferewa suna rataye, kowanne da ranar da ka rubuta da fensir. Da can dariya nake maka, mutum ya fere itace kaɗan ya rataye shi wata biyu wai ya huta. Yanzu nakan shiga in tsaya ina karanta rubutunka.

Ka tuna itacen Maroko? Ƙullutun nan guda biyu masu zane kamar idon kifi, da ka ajiye shekara uku suna bushewa. Ka sha gaya mini kyansa ya fi ƙarfinsa, laushi gare shi, sai an huda cikinsa an cusa itace mai tauri kafin ya iya ɗaukar bugu. Ka huda ɗaya, ka wayi gari ɗayan babu.

Ni na ɗauka, Baban Amira. Ana saura kwana goma Sallah turaren wutana ya ƙare, na shiga gareji ta ƙofar cikin gida neman tsintsiya, ƙamshin itacen nan ya buge ni. Wallahi na ɗauka ragowa ce, don duk ramuka ne a jikinsa. Na sa adda na sare shi ƙanana, na jiƙa da turare, na soya da suga, na cika kwalba biyu. Har yabon kaina nake.

Da na ji ka bayan Sallah kana juye gareji kana salati, sai na gane abin da na yi. Me ya hana ni magana a ranar? Tsoro ne, da kunya, da wannan taurin kan nawa da ka sani. Ina ji ina gani ka ce mutum ɗaya ne ke da makullin gareji bayan kai, wato Malam Isufu. Abokinka ɗan Maradi, wanda kuka koyi sana'ar tare, wanda ya ɗauko ka daga filin jirgi ranar da ka fara shigowa ƙasar nan. Ka je har gidansa ka karɓo makullin. Shekara shida, ban da sallama a masallaci, ba abin da ya ƙara haɗa ku. Na ga yadda ka koma kai kaɗai a garejin nan, ba mai riƙe maka ƙarshen itace, ba mai yi maka gardama. Kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Da ka rasu, Malam Isufu ne ya yi maka wanka, shi ya fara shiga kabari ya karɓe ka.

Ranar Talata na hau bas na je gidansa. Matarsa ta kawo ruwa, ban iya sha ba. A gabanta na faɗi komai, tun daga addar har kwalabe. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ai ya sani tun ranar Sallar nan da suka zo mana gaisuwa, yana shiga falo ya ji ƙamshin a kasko. Ya ce ya auna, ya ga gara ka zarge shi da ya buɗe baki ya tona asirin matar abokinsa a gaban mijinta.

Na fito da makullin na miƙa masa, na roƙe shi ya zo ya ƙarasa sandar da ka huda, don babu wanda ya iya sai shi. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Amma makullin bai karɓa ba. Ya ce wanda ya karɓe shi ne ya kamata ya mayar, shi kuwa ya tafi. Na dawo da shi a jakata, na yi ta kuka a bas, wata Baturiya tana miƙo mini tishu.

Abin da ke cina yanzu shi ne wannan. Idan Malam Isufu ya gane daga shiga ɗaya, kai fa? Shekara uku kana shinshinar itacen nan, sannan wata da watanni ina turara maka riguna da shi. Ba ka gane ba ne, ko ka gane ka yi shiru kana jira in faɗa da bakina? Idan jira kake, na bar ka kana jira har ka mutu.

Ka yafe mini. Na samu yafiyarsa, taka ce ban san inda zan je in nema ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu inda zan iya tambayar ka.

Matarka,
Hadiza
Glenwood, Greensboro