Baƙin Dutsen Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da yara. Na ga kiranki a waya, da gangan na ƙi ɗagawa, don kada bakina ya faɗi abin da ba ki cancanci ji ba.

Kin san duk Asabar nakan rufe shagon walda, in saɓa na'urar gano ƙarfe in bi busasshen rafin nan neman zinare. Mutane na yi min dariya, don ban da ƙusoshi da murafun kwalba ba na tono komai. To, kin tuna baƙin dutsen da na zo da shi gidanki? Bai fi dunƙulen hannu ba, amma nauyinsa kamar guduma, mayen ƙarfe na manne masa, jikinsa duk lotsawa kamar an danna yatsa a laka. Mijinki ya karɓa ya ce zai kai ɗakin gwajin ma'adinai. Da ya dawo ya ce min, "Kashin maƙera ne, Auta, na ma jefar."

Jiya a zaurenmu na waya na masu neman zinare aka saka hotonsa yana murmushi kusa da akwatin gilashi a gidan adana kayan tarihi. Dutsena ne a ciki. Ashe daga sama ya faɗo, an kuma rubuta sunansa a matsayin wanda ya tono shi. Mutumin da ko shebur bai iya riƙewa ba.

Ba zan yi ƙara ba, ba zan yi faɗa ba. Amma wallahi sai ya ji a jikinsa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta na,

Bayan gaisuwa, yara na tambayar kawunsu.

Ban san komai ba sai da na karanta takardarka. Dutsen nan ya daɗe a kwalin takalmi ƙarƙashin gadona, har na taɓa tokare ƙofa da shi. Na tambayi mijina, ya ce ai shi ya yi wahalar kai shi gwaji, kai da tuni ka mayar da shi mazaunin tukunya. Na ce masa wannan ba amsa ba ce. Tun ranar muke gaisawa sama-sama.

Amma Auta, uban 'ya'yana ne. Ka bar ni da shi, na san inda nake kama shi. Yanzu ma abin ya zame masa ciwo: ya sayi tasa na'urar, yana yawo da ita a tsakar gida tana yi wa bututun ruwa kuka. Kullum tambayarsa, wai ina kake zuwa haƙa. Ka ga ko wannan ya ishe shi horo.

Ka ci abinci, ka daina kwana da fushi.

Yayarka

*

Zuwa ga mijin Yayata, babban yaya,

Ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan kasuwa na albarka.

Yaya ta yi min faɗa, na kuma ji. Dutse ba zai raba zumunci ba, abin da ya wuce ya wuce. Don ka tabbata zuciyata wanke take, ga wata 'yar ƙwaya mai ruwan ɗorawa na ƙunsa a takarda. A gindin gangaren da ke bayan tsohuwar gada na same ta, inda na'ura ke kuka ba ƙaƙƙautawa. Aiki ya yi min yawa a shago, ba zan samu komawa ba. Da wani bare ya riga mu, gara arzikin ya zauna a gida. Sai dai ka riƙe maganar a cikinka.

Na bar ka lafiya.

Ƙaninka mai biyayya

*

Auta,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Mijina ya rufe shagonsa na kayan mota ya tare a gangaren nan. Kullum yana dawowa da ƙwayoyi masu sheƙi, yana zuba su a kofin shayina. Ka san shi da son a gani. Ya gayyato 'yan zaurenku da ma'aikacin ɗakin gwaji, har da mai ɗaukar hoto. Ma'aikacin ya ɗiga ruwan gwaji a kan ƙwaya ɗaya, nan take ta yi kore tana kumfa. Ya ce, "Tagulla ce, irin ta kan famfo. Wani ne ya narka ta da wutar walda." Kowa ya san mai walda a dangin nan.

Kunya ta hana mijina tsayawa. Ya dira cikin ramin da ya haƙa yana cewa na gaskiyar yana ƙasa, ya ci gaba da sara. Gefen ramin ya rufto masa. Da ƙyar suka zaro shi, ƙafarsa ta dama ta karye a cinya.

Ka rama, Auta. Gidan tarihi ma sun cire sunansa, sun ce sai sun tabbatar da wanda ya tono dutsen. Amma ni ce ke juya shi a gado, ni ke ɗauke fo, ni ke amsa wa yara in sun tambayi wanda ya yi wa babansu haka. Har yau ban faɗa musu ba. Ka gaya min me zan ce.

Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ki, sannu da jinya.

Ki faɗa musu ni ne, ki kuma faɗa musu dalili. Ramin ban so ba, amma koren da tagullar ta yi a gaban jama'a, ko yau aka ce in sake zan sake.

Ki auno min tsayinsa daga hammata zuwa ƙasa, zan ƙera masa sandunan dogarawa. Ranar Asabar zan kawo su tare da ma'aikacin gidan tarihi. Mijinki ya faɗi wanda ya tono dutsen a gabansa, in miƙa masa sandunan. Idan ya ƙi, da su zan dawo.

Ƙaninki,
Auta