Saniyar da Jikoki Suka Ƙi

Daren Talata, watan Safar, Bilbis.

Ƙafafun nan kamar ba nawa ba. Yini guda ina tuƙa tuwon masu yi wa ƙanena Alhaji Mamman barka da dawowa daga Makka.

Shi ya ba ni labarin yak, saniyar wasu alhazai 'yan ƙasar manyan duwatsu da ya zauna da su can. Gashinta har ƙasa, ƙirjinta faffaɗa, don iskar saman dutse ba ta isar numfashi. Da kofato take tone ƙanƙara ta ci ciyawa. Zafi ke kashe ta, ba sanyi ba. Har wutsiyarta ya nuna mini, fara sol.

Na kwaso na kawo wa jikoki. Hajo ta ce, "Kaka, ƙaryar yau ba ta kai ta jiya daɗi ba."

Na ce, "Ja'ira, je ki ga wutsiyar!" Ashe Alhaji ya kai wa hakimi ita. Duk suka watse ɗakin Inna Tumba, mai tatsuniya ɗaya tak.

Shekara da shekaru ina shirga masu ƙarya suna haɗiyewa, yau na faɗi gaskiya tabarmata ta zama wayam. Na gaji. Gobe zan sa wa saniyar nan fukafukai, in ga wanda ba zai dawo ba.