Cok Mai Haƙora Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Mai niƙa ya kawo wani dunƙulen ƙarfe daga jikin injinsa, mai kusurwa huɗu, yana so in faɗaɗa ramin da ke gefe. Na duba cok ɗina, kan nan da ke damƙe ƙarfe a injin sassaƙa yana juya shi, cok ya dube ni. Haƙora uku gare shi, makulli ɗaya ke tafiyar da su gaba ɗaya, kuma abu kewayayye kaɗai ya san riƙewa. Na ce wa mai niƙa ya ba ni mako biyu. Ya ce, "Malam, matan unguwa za su cinye ni ɗanye." Na ce ba za su ji daɗinsa ba.

Dole in sayi mai haƙora huɗu, wanda kowane haƙori ake matsar da shi shi kaɗai. Mai araha.

Laraba, 5 ga Maris

Na dafa shayi na mutum biyu. Har yanzu hannuna bai koyi lissafi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Layin 'yan ƙarfe, shagon Rantsuwa. Sunan ya bi shi ne don ko farashin ƙusa ba ya faɗi sai ya haɗa da wallahi.

Uku ya nuna mini. Na farko yana cikin gilashi kamar kayan tarihi. Na ji kuɗinsa, na yi masa sallama cikin ladabi. Na biyu tsoho ne mai nauyin gaske, "irin na da, wallahi, ba a ƙara yin sa." Na girgiza haƙoransa, suna rawa kamar na kakata. Lambobin jikinsu: ɗaya, biyu, uku, uku. Na ce ina na huɗun? Ya ce tagwaye ne.

Na ukun sabo ne, inci takwas, marar suna, a kwalin da aka rubuta wa umarni da wani Turanci da ko mai shi ba zai gane ba. Na murza zarensa, wato sukurun da ke tura haƙoran, na ji yashi na ƙaras-ƙaras a ciki.

Ban saya ba. Na ce zan yi shawara. A hanya na tuna ban san da wa zan yi ta ba.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yata ta tsakiya ta turo saƙon gaisuwa mai hoton fure. Auta ya kira, yana tuƙi, rabin maganar da masu babur yake yi.

Babba shiru. Tun bayan rasuwar uwarsu da ya zauna a kan bencin shagon nan ya ce, "Baba, ka sayar da injin ka dawo wajenmu," na ce masa ranar da na gaji da duniya zan aiko masa da sanarwa. Na ɗauka na yi barkwanci. Shi bai yi dariya ba. Bai sake kira ba, ni kuma a duk littattafan da na karanta ban ga inda uba ya fara kira ba. (Na gani. Ba a wannan shafin zan amsa ba.)

Da tana nan, waya ɗaya za ta ɗaga, su ukun su hallara a tsakar gida. Ban taɓa tambayar yadda take yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Na yanke: marar sunan. Hujjata ita ce, mai haƙora uku daidaitonsa a masana'anta aka sa masa, don haka sai mai tsada. Mai huɗu kuwa daidaiton a hannun mai aiki yake. Talaka mai haƙuri zai iya da mai araha.

Rantsuwa ya ce, "Wallahi na san za ka dawo." Ya ƙara mini da farantin da za a ɗaura shi a jikin injin, ya rantse zaren zai hau. Abin mamaki, ya hau.

In Babba ya ji na ƙara wa injin kaya maimakon in rabu da shi... To, wa zai gaya masa?

Laraba, 12 ga Maris

Na wanke shi da kananzir. Yashin da ya fito ya isa a fara gini. Makulli ɗaya tal suka sa a kwalin.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ɗaura ƙarfen mai niƙa, na kafa agogon awo mai nuna ko ya zauna daidai, na juya da hannu. Allura ta yi can, ta dawo nan. Rabona da irin wannan cok tun ina koyo. Na kama haƙorin da ke sama na yi ta ɗaurewa, ina gumi, har da sa ƙafa a jikin injin. Ƙarfen ko gezau. Na zagi Rantsuwa, na zagi masana'antar da ba ta da suna, na zauna.

Ina zaune na tuna da maigidana, Allah ya ji ƙansa, yana buge mini hannu: "Kai, ina kake so ya tafi? Na ƙasan ya tokare shi. Sassauta wancan tukuna." Haƙora biyu masu fuskantar juna, in duk sun ƙi ja baya, sai dai zare ya tsinke.

Na sassauta na ƙasa kaɗan. Na taɓa na sama. Allura ta motsa.

Illar karatu ke nan, mutum ba ya iya ganin ƙarfe ya bar shi a ƙarfe. Na hana kaina tunani, na gama aikin.

Asabar, 15 ga Maris

Mai niƙa ya karɓa, ya sa a ido kamar ya san abin da yake dubawa. Da la'asar na jiyo injinsa yana ruri. Ya dame ni, amma ban rufe taga ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kira Babba. Tambayar aiki ce kawai: ko a wajensu ana samun man da ake shafa wa zaren sabon cok. Ana samu a bayan shagona, amma ai gwada farashi ba laifi ba ne.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Baba? Lafiya?"

Na ce lafiya lau, ba sanarwar ba ce tukuna. Sai na ji wata 'yar dariya ta hanci, irin ta uwarsa.

Na jira ya ce in sayar da injin. Sai ya ce, "Mai huɗu ka saya? Inci nawa?" Ashe yana tune da abin da ya gani yana yaro. Ya ce ai wannan da makulli biyu ake yi, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Na ce na sani, ɗaya suka ba ni.

Bai ce zai zo ba, ban ce ya zo ba.

Da yamma na yanko guntun ƙarfe na fara makulli na biyu. Don saurin aiki ne. Bencin nan ma na goge shi, ƙura ta yi masa yawa.