Na Ajiye Aiki, Amma Ƙafata Ta Ƙi Ajiyewa

Goggo Radmila,

Ki taimake ni, kafin matata Dragica ta taimake ni da muciya.

Ran Lahadi ta ba ni tukunyar sarma, kabejin da ta wuni tana naɗewa da nama, in kai gidan surukan ɗiyarmu. Ana yayyafi. Ina isa matsayar bas ta bakin kasuwa na hango mutane tsaye. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta taka birki. Tun ina saurayi nake tuƙa bas a garin nan na Prilep, bara aka sallame ni da agogon bango. Sai ga ni a 'yar motata ina laluben maɓallin buɗe ƙofa, na kunna abin share gilashi.

Mai hankali da sai ya wuce. Ni kunya ta sa na leƙo na ce su shigo. Tsofaffi mata uku suka cika bayan mota, ɗaya ta ɗora tukunyar a cinya. Na kai su asibiti, na kai su maƙabarta, duk inda layina ke bi. Mai tukunya ta sauka, ta shi mini albarka, ta tafi da ita. Ni kuwa na ɗaga mata hannu.

Ba wannan kaɗai ba. Asuba na yi sai in ga na sa rigar aiki. In ina cin abinci nakan ɗaga ido neman madubi, in ga ko na baya sun zauna. Dragica ta ce cikin barci ina cewa a matsa ciki akwai wuri, alhali ita ce a bakin gado tana shirin faɗuwa.

Mijin ɗiyata ya nuna mini wasu tambayoyi a waya, wai na gane ciwon ƙwaƙwalwa. Ni karatuna bai wuce karanta allon hanya ba, kuma an koya mini ladabi, duk abin da aka tambaya na ce e. Sakamako ya fito ina da kowane ciwo, har da wanda ke kama masu jego.

Muka yi dariya. Amma Goggo, kwanan nan dariyar a baki take tsayawa. Na daina zuwa shagon kofi wurin abokaina. Abinci ba ya mini daɗi, barci kuma rabi-rabi. Wani lokaci in zauna cikin mota a ƙofar gida, ban kunna ba, ban fita ba. Akwai wani baffana da aka taɓa kai shi asibitin masu taɓin hankali, har gobe in an ambaci gidanmu sai wani ya taɓa goshinsa da yatsa.

Ɗiyata Vesna ta ce, "Baba, ba ka ƙara ɗauko Angela daga makaranta sai ka ga likita." Angela jikata ce, fasinjar da ta rage mini. Na yi alkawari zan je kafin a koma makaranta. Hutu ya kusa ƙarewa. Sau biyu ina zuwa ƙofar likitan, in tsaya kamar mai jiran fasinja, in wuce. Tsorona in shiga da lasisi in fito babu, da sabon suna a gari. Na haukace ne?

Tsohon Direba, Prilep

*

Ya kai Tsohon Direba,

Na yi dariya har na share hawaye, sannan na sake karantawa ban yi ba.

Ba ni gane ciwo ta wasiƙa, waya ma ba ta iyawa, balle ga wanda ke amsa mata e don ladabi. Tsayawa a matsayar bas bai tayar mini da hankali sosai ba. Jikin da ya saba da hanya ɗaya tun ƙuruciya ba ya mantawa don an ba shi agogo. Abin da na tsaya a kai shi ne wanda ka cusa a tsakiya da sauri: abinci, barci, abokai, da zaman nan cikin mota. Yana iya zama kewar aiki ce ta yi nauyi, yana iya zama abin da ke son magani. Ko wanne ne, ba abin kunya ba ne, kuma an fi samun sauƙinsa in an je da wuri.

Tsoronka ba na banza ba ne, garinku ƙarami ne kuma baki ba ya hutu. Amma Vesna ma tana da gaskiya. Ba hukunta ka take ba, uwa ce, kuma ɗiya ce da ta ga babanta ya canza. Ganin likita ba shi ne rasa lasisi ba. Ƙin zuwa kuwa ya riga ya raba ka da jikarka.

Ka tafi da Dragica, ita ce mai shaida. Ka gaya wa likita komai, ka bar barkwanci a mota na ɗan lokaci. Ka koma shagon kofi ko da ba ka jin zuwa.

Alkawari bashi ne, kuma wannan Vesna ce ke binka. Ka biya a makon nan. Allah ya ba ka lafiya da kwanciyar rai.

Goggo Radmila