Tanderun da na yi wa gaggawa

Gwaram, Laraba da dare, farkon kaka.

Tanderun burodina ya tsage. Har yanzu hannuna warin hayaƙi yake.

Malam Sule magini, da ya gina min shi, ya ce in bar shi ya sha iska sati biyu, sannan in riƙa sa masa 'yar wutar kara kullum har ƙasar ta saba. Ni kuwa na riga na cika baki gaban masu shayin tashar Birnin Kudu, na ce sun kusa daina jiran burodin da mota ke kawowa daga Kano. Kwana biyar kawai da gama ginin na loda masa itacen ƙirya. Ina cikin kwaɓa fulawa na ji ƙara kamar an harba bindiga.

Maƙwabta suka taru. Wani ya ce, "Da ma wa zai ci wannan uban burodi a ƙauye?" Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta soke ni.

Da la'asar Inna ta zo, ta zagaya shi, ta sa yatsa cikin tsagar. Tun ina goye take ginin tukwane. Na zaci faɗa za ta yi.

Ta ce, "Girmansa bai yi yawa ba, Habu, wutarka ce ta yi yawa. Gobe ka samo min yumɓu da ƙaiƙayi."

Na ce, "Inna, ko in rage shi?"

Ta harare ni. Ta ce in na rage ko taki ɗaya, in nemi wata ta liƙe min.

Gobe zan je in ba masu shayi haƙuri. In na dawo zan je in tambayi masu shayin Basirka ko su ma suna son burodin.