Ni Ina da Asibiti, Manu Ba Shi da Ko Ɗaya

Baban Ummi,

Sallama a gare ka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma duk faɗin Kachalla Sembe ba ni da wanda zan faɗa wa maganar ba ta tsallake katanga ba.

Ummi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Ni kuma ina nan ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, wanda kunya ta hana ka zuwa karɓa. Har ƙiba na yi. In na makara, nas ɗinmu takan kira ni a waya ta tambayi ko lafiya.

Ɗanka Manu ne damuwata. Da ya fara tuƙa keke, abokan tasha suka koya masa tiramol, wai don kada bayansa ya yi ciwo. Yanzu har kodin yake sha. Mai keken ya ƙwace abinsa. Watan jiya ya faɗi a bakin rijiya yana shure-shure, kumfa a bakinsa, ni kaɗai a gidan, ina riƙe da kansa.

Da ya farfaɗo na lallashe shi muka je asibitinmu. Aka gwada jininsa, ba shi da ciwon. Nas ta yi mana barka. Na ce mata to ƙwayar fa, ta ce wannan ba sashensu ba ne, sai dai asibitin masu taɓin hankali a wata jiha. Manu yana jin haka ya tashi ya fita. Yayanka ya ce a kai shi gidan mari can wajen Lau, a sa masa sasari. Maƙwabta sun ce a kira hukuma. Kai wanne za ka zaɓa wa ɗanka?

Akwai abin da na kasa faɗa wa kowa. Ranar gwajin, ina zaune a benci, na ji zuciyata tana fatan a ce yana da ciwon. Da sun buɗe masa kati, da shi ma yana da mai nemansa. Wace irin uwa ce ke yin wannan tunanin? Na yi ta istigfari, har yau bai bar ni ba.

Na daina zuwa biki da ta'aziyya. In na fita, sai in dawo in tarar babu tukunya ko tabarma. In na kulle shi a ɗaki, yana ta kiran Inna ta taga da muryarsa ta yarinta, har sai na buɗe.

Jiya bayan la'asar ya ce ya gaji, yana son ya daina, in kai shi duk inda na sani. Na sa hijabi, ya sa takalminsa, muka fito ƙofar gida. Muka tsaya. Ya dube ni yana jira, ni kuma ban san ta ina za mu bi ba.

Allah ya kai haske kabarinka. Mu kuma Allah ya dube mu.

Matarka,
Dije